Matakala ta Bakwai

Aikina ji ne, ba gani ba.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga sandar makirufo
bisa kawunan masu kukan haya,
hannuna bai taɓa rawa ba
sai a gidan nan na kan tudun Valparaíso,
mai jikin kwano shuɗi da tsatsa ta lasa,
inda iskar teku ke shigo da ƙarnin kifi ba sallama.

Labarin fim ɗin bai cika tafin hannu ba:
agola ɗan shekara tara,
uwa mai wankin zannuwan asibiti da dare,
da mijin uwa, ɗan dakon tashar jiragen ruwa,
mai dawowa ƙarfe goma
da tsamin giya da bel mai kan tagulla.

Eliseo ne yaron da aka ɗauko.
Haƙorinsa na gaba ya faɗi ran Talata,
yana yawo da shi a kwalin ashana.
Darakta Rosalba ta durƙusa gabansa:
"Da ka ji ƙofa ta buɗe, ka firgita."

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.
Na ce, ba ƙofa ake jira ba,
kafin ƙofa ai magana ta ƙare.
Matakala ake ƙirgawa.
In ya tsallake ta bakwai, mai kukan nan,
da sauran hankali a jikinsa, ka ci tuwonka.
In ya taka ta da dukan nauyinsa,
mukullai suka faɗi, ya zage su,
to ka tura kofin ruwa nesa da gwiwar hannunka,
ka rage girmanka, ka zama kujera.

Ɗakin ya yi tsit.
Ta ce, "A ina ka karanta wannan, Baltasar?"
Na duƙa ina warware wayar da ba ta harɗe ba.

Fermín ne mijin uwar.
Mutum mai kiwon tattabaru a soron gidansu,
mai neman gafarar tebur in ya buge shi.
Ya ɗaga bel, ya sauke kan buhun gari
da aka ɓoye bayan gado,
sau shida, ƙura fara tana tashi.
Aka ce, "Yanke!"
Ya zube ƙasa, ya ciro lemo daga aljihu
yana ɓare wa yaron, yatsunsa na kaɗawa,
yaron na ba shi haƙuri.

A kunnena ƙarar ba daidai take ba.
Buhu ba ya riƙe numfashi.
Buhu ba ya cizon hannun riga don kada maƙwabta su ji.
Wannan ban faɗa ba.
A bar abu guda ya zauna a ƙarya.

Kafin a tashi, nakan roƙi rabin minti
kowa ya daskare, in ɗauki shirun ɗaki.
Na ji jiniyar jirgi can ƙasa,
kare a wani tudu, kukan cikin Eliseo,
sannan, ƙarƙashin duka,
wani yaro a bayan murhu yana ƙirge: huɗu, biyar, shida,
a gidan da babu mai cewa a yanke,
gidan da lemo sai ran biki.
Mutumin ya shekara ashirin a kabari.
Har yau ina hawa bene a gefen ƙafa.

Ranar ƙarshe Eliseo ya ce in ara masa abin kunnena.
Ya rufe masa har kumatu.
Ya taka matakalar, ta yi kuka a tsakar kansa,
ya ƙyalƙyale da dariya ta gurbin haƙori,
ya koma ya dira mata da ƙafa biyu,
ya sake, ya sake,
har ta zama abin wasa.

Na'ura na kunne, ban kashe ba.
Ba ya cikin fim ɗin, kada ku nema.
Yana aljihun rigata ta hagu.